Yadda Na Sa Sabar Makaranta Ta Riƙa Tayar Da Netwok Da Kanta Idan An Dawo Da Wuta

Kawuna yana da makarantar sakandare mai zaman kanta a unguwar Tudun Wada da ke cikin garin Gombe, kuma tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a shekarar 2015, iyayen yara suka fara tambayar ko makarantar tana da ɗakin da ɗalibai za su riƙa gwada hannunsu kafin ranar jarrabawa. Wannan ne ya sa ya ware aji guda, ya zuba kwamfutoci na hannu, wato waɗanda aka taɓa amfani da su, ya kuma ajiye ɗaya a kusurwa wadda ita ce sabar, wato wadda take ɗauke da tambayoyin gwaji, sauran kuwa suna ɗebowa daga wurinta ta wayoyin netwok da suka haɗu a suwici. Sabar ɗin tsohuwar Dell ce ta tebur, an ɗora mata babbar manhaja ta dangin Linux mai suna Debian 12 wadda ta fito a watan Yunin 2023, ba ta da tagogi ko linzami, baƙin allo ne kawai da farin rubutu. Tana da ƙofar netwok biyu a bayanta: ɗaya tana zuwa suwicin ɗakin, ɗaya kuma tana zuwa ƙaramar rautar 4G da ake saka wa data, wadda ba don ɗalibai aka saye ta ba, sai don sabunta tambayoyi da manhaja lokaci zuwa lokaci.

Matsalar da aka kira ni a kanta ita ce, duk lokacin da aka ɗauke wuta sabar ta mutu, idan aka sake kunna ta sai ta tashi lafiya amma ba ta magana da kowa. Malamin da ke kula da ɗakin yana da wata takarda da aka manna da salatif a gefen monita, mai ɗauke da umarnin da zai buga da hannu kowace safiya: na farko ya buɗe ƙofar, na biyu ya ba ta adireshi, na ƙarshe ya sake tayar da manhajar tambayoyin. Idan malam yana nan, abin minti kaɗan ne. Idan kuwa ya tafi masallaci, ko yana wani aji, ko ranar Asabar ce da mai gadi kaɗai ke buɗe wa yara ɗaki, to ɗalibai za su zauna suna kallon allon da ke cewa ba a sami shafi ba har lokacinsu ya ƙare. Kawu ya so in karanta wa malam gyaran ta waya daga Bauchi inda nake zaune, tunda tafiyar ta kai kimanin kilomita 150. Na ce masa, “Kawu, wannan aikin harafi ɗaya idan ya kauce, kwamfutar za ta tashi kurma, kuma ba zan ga abin da ke allonta ba daga nan. Gara in zo in zauna a gabanta.” Har yanzu ina kan wannan ra'ayi: duk wanda zai taɓa saitin netwok na kwamfutar da jama'a suka dogara da ita, ya yi shi yana gaban kibod ɗinta, ba ta cikin netwok ɗin da yake shirin sauyawa ba.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne dalilin da ya sa umarnin malam ba ya zama. Umarnin ip da yake bugawa yana magana ne kai tsaye da zuciyar Linux da ke aiki a wannan lokacin, kuma abin da ya faɗa mata yana zaune ne a ƙwaƙwalwar wucin gadi, ba a kan faifai ba. Kamar rubutun allo ne da almajiri zai wanke idan ya gama hadda, gobe sai an sake rubutawa. Domin saiti ya tsira daga ɗaukewar wuta, dole a rubuta shi a fayil ɗin da kwamfutar take karantawa yayin tashi, kuma dole wata manhaja da aka ɗora wa wannan alhaki ta karanta shi ta aiwatar. Da na buɗe fayil ɗin /etc/network/interfaces, ban tarar da komai a ciki ba sai layukan lo, wato ƙofar cikin gida da kwamfuta take magana da kanta ta ciki. Haka yake faruwa idan an ɗora Debian daga filashi ba tare da an jona waya ba, aka kuma zaɓi a bar saitin netwok sai daga baya. Ke nan kwamfutar ba ta lalace ba, ba a taɓa gaya mata ba ne cewa akwai ƙofar da ake so ta buɗe.

Na fara da tantance sunayen ƙofofin, domin a nan ne tsofaffin bayanai suke ɓatar da mutane. Wanda ya koyi Linux shekaru goma sha biyar da suka wuce ya san eth0 da eth1, kuma har yau yawancin rubuce-rubucen da ke intanet da waɗannan sunaye suke ba da misali. Aibin tsohon tsarin shi ne, duk katin da zuciyar Linux ta fara gani shi ne yake zama eth0, don haka a kwamfuta mai kati biyu sunayen suna iya musanyawa tsakanin wannan tashi da na gaba. Daga fitowa ta 197 ta systemd, manhajar da ke tayar da hidimomin kwamfuta yayin tashi, aka koma ba wa ƙofa suna bisa inda take zaune a jikin kwamfuta, Debian kuma ta karɓi wannan tsari a sababbin ɗorawa tun daga Debian 9 ta shekarar 2017. Da na buga ip link sai na ga eno1 da enp2s0. Haruffan en suna nufin ƙofar waya ce, o yana nuna wadda take haɗe da babban allon kwamfutar tun daga masana'anta, p da s kuma suna nuna layin da ramin da aka soka katin da aka ƙara. Ban yarda da karatu kaɗai ba, na roƙi malam ya zare wayar da ke zuwa suwici yayin da nake kallon allo, bayan na buɗe ƙofofin biyu da hannu. Kalmar NO-CARRIER ta bayyana a gaban eno1, da ya mayar kuma ta ɓace, LOWER_UP ta dawo. Nan take na rubuta sunan kowace ƙofa a guntun farin salatif na manna a bayan kwamfutar.

Mataki na biyu shi ne sanin wace manhaja ce take da iko da ƙofofin, kuma a ganina wannan ne matakin da aka fi tsallakewa. A Debian akwai guda uku da za su iya yin aikin: ifupdown wadda take karanta fayil ɗin da na ambata, NetworkManager wadda take zuwa tare da kwamfutoci masu tagogi, da kuma systemd-networkd. Idan biyu suka ɗora hannu a kan ƙofa ɗaya, sai a ga adireshi ya zo ya tafi, ko ƙofa ta sami adireshi biyu, mutum ya yi ta zargin waya ko suwici alhali rikicin a cikin gida yake. Umarnin systemctl is-enabled, idan aka bi shi da sunan kowace ɗaya, yana faɗin ko an sa ta tashi tare da kwamfuta. A sabar ɗinmu, networking, wadda ita ce hidimar ifupdown, a kunne take, systemd-networkd a kashe, NetworkManager kuwa ba a ma ɗora ta ba. Na bar abin a haka. Akwai masu ganin ifupdown ta tsufa, kuma ba su yi ƙarya ba, amma ga kwamfutar da ba ta motsi daga kusurwarta, wadda wayoyinta biyu ne kacal, tana da wata fa'ida da ta dace da yanayinmu: idan aka ba ta tsayayyen adireshi, za ta ɗora shi a kan ƙofa ko da suwici bai kama wuta ba tukuna, ba ta jira sai ta ji alamar rai a ɗaya bakin wayar.

Kafin in taɓa fayil ɗin na kwafe shi da wani suna a gefensa, sannan na buɗe shi da manhajar rubutu ta nano na ƙara waɗannan layuka:

auto eno1
iface eno1 inet static
    address 192.168.10.1/24

allow-hotplug enp2s0
iface enp2s0 inet dhcp

Gajeru ne, amma kowane layi yana da hujjarsa, kuma a kansu na fi daɗewa ina yi wa malam bayani. Layin da ya fara da iface yana faɗin yadda za a saita ƙofa ne kawai, ba ya faɗin lokacin da za a yi. Mutum zai iya rubuta shi daidai, ya buga ifup da hannu, komai ya yi aiki, ya rufe ɗaki ya tafi gida da murna, washegari kwamfuta ta tashi ba netwok, domin babu layin da ya ce a buɗe ƙofar yayin tashi. Wannan aikin layin auto ne. Lokacin da kwamfuta take tashi, hidimar networking tana bin duk ƙofofin da aka yi wa alamar auto ɗaya bayan ɗaya, tana buɗe su, kuma ba ta cewa ta gama sai ta kammala da su. Layin allow-hotplug kuwa yana cewa a buɗe ƙofar a duk lokacin da zuciyar Linux ta ga na'urar, ko yayin tashi ne ko daga baya. Da yawa suna ɗauka yana nufin lokacin da aka soka waya, amma ba haka ba ne, ganin katin kansa ake nufi, kamar idan an soka katin netwok na USB kwamfuta tana aiki. Katin da ke cikin ciki ma ana ganinsa yayin tashi, don haka shi ma za a buɗe shi, sai dai a gefe ake yin aikin, sauran hidimomi ba sa tsayawa jiransa.

Dalilin da ya sa na bambanta ƙofofin biyu yana da nasaba da yadda wuta take dawowa a wurinmu. Wanda ya rubuta littafin koyarwa a ƙasar da ba a ɗauke wuta yana ɗauka cewa rauta a kunne take dare da rana, kwamfuta ce kaɗai take mutuwa ta tashi. A ɗakinmu kuwa, idan aka tayar da janareto aka juya canjin-oba, sabar da suwici da rauta duk a daƙiƙa ɗaya suke samun wuta, kuma sabar takan riga rauta shiryawa, domin rautar 4G sai ta gama nata tashin kafin ta fara raba adireshi. Wani lokaci ma rautar ba ta ɗakin gaba ɗaya, an ɗauke ta an kai ofishin shugaban makaranta. Na gwada sa wa ƙofa ta biyu auto domin malam ya ga bambancin da idonsa: muka kashe rauta, muka sake kunna sabar, sai tashin ya tsaya cak a kan wani layi mai cewa ana kan aikin tayar da ƙofofin netwok, daƙiƙoƙi suna ta ƙirguwa a gefe. Manhajar dhclient da ke roƙon adireshi tana jira daƙiƙa 60 kafin ta haƙura, hidimar networking kuma an ba ta har minti 5 kafin a yanke mata. Duk tsawon wannan jira manhajar tambayoyi ba za ta tashi ba, saboda intanet ɗin da ɗalibai ba su ma buƙata. Da na mayar da allow-hotplug, sabar ta wuce abinta, dhclient kuma ta ci gaba da neman rauta a bayan fage. Abu ɗaya na ƙara a nan: idan dhclient ba ta sami amsa ba, bisa asali sai bayan minti 5 take sake gwadawa, don haka na buɗe /etc/dhcp/dhclient.conf na cire alamar da ta rufe layin retry 60, domin ta riƙa komawa bayan minti ɗaya.

Ƙofar ɗalibai kuwa dole ta zama auto, kuma dole adireshinta ya zama tsayayye. Sabar ce take raba wa kwamfutocin ɗakin adireshi ta manhajar dnsmasq, kuma adireshinta ne aka saita a burauzar kowace kwamfuta a matsayin shafin farko, saboda haka ba zai yiwu ya riƙa sauyawa ba. Lambar 192.168.10.1 tana cikin rukunin adireshin cikin gida da aka keɓe tun 1994 domin kowa ya yi amfani da su a gidansa ko ofishinsa ba tare da neman izini ba, 24 da ke ƙarshe kuma tana nufin lambobi uku na farko su ne sunan netwok ɗin, ta ƙarshe ce take bambanta kwamfutoci, abin da ya ba da gurbi 254. Na duba cewa dnsmasq tana rabawa ne daga 50 zuwa 200, don kada ta ba wani adireshin sabar. Na kuma tabbatar lamba ta uku ba ta yi karo da ta rauta ba. Tamu tana amfani da 192.168.8.1 kamar yawancin rautocin Huawei, wasu kuma suna zuwa da 0 ko 1 a wannan gurbi, kuma idan ƙofofi biyu suka faɗa rukuni ɗaya kwamfuta ba za ta san ta wacce za ta aika saƙo ba. Da gangan ban rubuta layin gateway a ƙarƙashin eno1 ba, domin mafita zuwa intanet guda ɗaya ce, kuma rauta za ta faɗe ta da kanta ta ƙofa ta biyu tare da adireshin masu fassara sunayen shafuka, wanda dhclient take rubutawa a /etc/resolv.conf.

Malam ya tambaye ni, “Injiniya, to layin ƙarshe na takardar nan fa, wanda nake sake tayar da manhajar tambayoyi da shi?” Tambayar ta yi ma'ana, domin buɗe ƙofa rabin aikin ne. An saita manhajar ta saurara a kan adireshin 192.168.10.1, kuma idan ta tashi kafin adireshin ya hau ƙofa, sai tsarin ya ce mata ba zai iya ba ta adireshin da ta nema ba, ta mutu nan take. Na ga wannan ƙorafi a rubuce da na buga journalctl -b, wanda yake nuna duk abin da ya faru tun daga tashin ƙarshe. Systemd tana tayar da hidimomi da yawa a lokaci guda domin sauri, kuma ba ta jera su sai an gaya mata wane ne zai jira wane. Tana da alamomi biyu masu kama da juna da ke rikita mutane. Ta farko, network.target, ba ta yi alkawarin cewa akwai adireshi a kan kowace ƙofa ba. Ta biyu, network-online.target, ita ce aka tanada domin hidimar da ba za ta iya aiki ba sai netwok ya tsaya da ƙafarsa. Na buga systemctl edit da sunan hidimar tambayoyin, na ƙara layi biyu a sashen Unit, ɗaya Wants ɗaya After, dukansu suna nuni ga alama ta biyu. Ana buƙatar biyun ne saboda After tsari kawai yake faɗa, ba ya jawo alamar idan babu wanda ya neme ta. Sannan na tabbatar hidimar kanta an yi mata enable, domin start na yau ne kawai, enable ne yake sa ta cikin jerin masu tashi.

Daga nan sai gwaji, kuma na bi shi daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Umarnin ifquery --list ya nuna lo da eno1, alamar an karanta layin auto. Na share adireshin da malam ya sa da safe, na buga ifup eno1, ip addr ya nuna adireshin a wurinsa, ip route ya nuna mafita ɗaya ta enp2s0, kwamfutar ɗalibi ta buɗe shafin tambayoyi. Wannan duk bai tabbatar da komai game da tashi ba, ya nuna dai babu kuskuren rubutu. Na sake kunna sabar da umarnin reboot, ta dawo da komai. Shi ma wannan bai gamsar da ni ba, domin a lokacin suwici da rauta suna kunne suna jiranta, yanayin da ba kasafai za ta samu ba.

Gwaji na gaskiya ya kai ni cikin BIOS, wato saitin da ke kan babban allon kwamfutar wanda yake aiki kafin Debian ta tashi, inda na tarar da abin da ba a kira ni dominsa ba amma ba don shi ba da aikin bai cika ba. Sabar ba ta kunna kanta idan wuta ta dawo, sai an danna maɓalli. A kwamfutocin Dell ana shiga saitin da F2, kuma a sashen kula da wuta akwai zaɓin AC Recovery mai hali uku: ta zauna a kashe, ta kunna kanta, ko ta koma halin da take ciki kafin wutar ta tafi. Na zaɓi ta kunna kanta. A nan kuma na lura agogon BIOS ya koma baya da shekaru, alamar ƙaramin batirin da ke kan babban allo ya ƙare. Wannan batir, CR2032 mai bolt 3, shi ne yake riƙe agogo da saiti idan babu wuta, kuma kwamfutocin hannu da ake kawo mana galibi da tsohonsa suke zuwa. Idan ya mutu, zaɓin da na yi zai iya gogewa, kwamfutar kuma tana iya tsayawa tun kafin ta kai ga Debian tana jiran a danna F1. Muka aika yaro wurin masu gyaran agogo ya sayo sabo, na sauya, na gyara kwanan wata, na sake yin zaɓin.

Kawu ya shigo a daidai wannan lokaci, da ya ji bayani sai ya nuna damuwa. Ya ce, “Ɗana, wutar nan wani lokaci takan zo ta koma sau da yawa a jere, wani lokaci kuma ta zo da ƙarfi. Idan kwamfuta tana kunna kanta kowane zuwa, ba za ta ƙone ba?” Ban ce masa babu haɗari ba, domin akwai. Kwamfutar da wuta take yanke wa tana tsakiyar rubutu a faifai tana iya samun lalacewar fayil, kuma yawan tashi da faɗuwa ba ya yi wa tsohon faifai daɗi. Na gaya masa cewa saitin da na yi bai maye gurbin UPS ba, wato na'urar batir da ke riƙe wuta idan an ɗauke, kuma sabar da suwici da rauta, waɗanda duka ba su da cin wuta sosai, sun cancanci a ɗora su a kan guda ɗaya mai lafiyayyen batir ko a kan inbatar ofis. Ya amince zai saya. Kafin nan muka tsayar da cewa soket ɗin sabar yana bayan sitabilaiza mai jinkirta buɗe wuta, wadda take ɗan dakatawa kafin ta saki wuta idan an dawo da ita, kuma mai gadi zai riƙa kashe makunnin bangon ɗakin idan an tashi makaranta.

Sannan muka yi gwajin yadda abin yake faruwa a zahiri. Na kashe sabar ta hanyar da ta dace da umarnin poweroff don kada in jefa faifai cikin haɗari a banza, malam ya kashe makunnin ɗakin baki ɗaya, muka dakata, ya mayar. Babu wanda ya taɓa maɓalli. Sabar ta kunna kanta, fitilun suwici suka kama, muka kunna kwamfutocin ɗalibai, kowace ta karɓi adireshi ta buɗe shafin tambayoyi, intanet kuma ya biyo baya da rauta ta gama shiri. Muka maimaita da rauta a cire, ɗakin ya yi aiki ba tare da jinkiri ba. Muka maimaita da suwici a kashe har sabar ta gama tashi, sannan muka kunna shi, nan ma kwamfutocin suka same ta, domin adireshin yana kan ƙofa tun kafin suwici ya farka. Na cire monita da kibod na sake gwadawa, tunda wasu tsofaffin kwamfutoci suna tsayawa idan ba su ga kibod ba, ita kuwa ta wuce.

Da yake na riga na zo, sai aka nuna mini kwamfutar ofishin magatakarda, wadda firintar makaranta take jone da ita kuma malamai suke aika mata takardu ta Wi-Fi. Ita Ubuntu ce, wani nau'in Linux, mai tagogi, don haka NetworkManager ce take da iko, kuma matsalarta ta yi kama da ta sabar amma tushenta daban: ba ta shiga Wi-Fi sai magatakarda ya zo ya buga kalmar sirrinsa. Dalili shi ne an keɓe haɗin ga mai amfani ɗaya, an kuma ajiye kalmar sirrin Wi-Fi a ma'ajiyarsa da ba ta buɗewa sai ya shiga. Da umarnin nmcli connection modify na mayar da connection.autoconnect zuwa yes, na share connection.permissions domin haɗin ya zama na kowa, na kuma sa kalmar sirrin ta koma ajiyar tsarin, a cikin /etc/NetworkManager/system-connections, inda babban mai iko kaɗai yake iya karantawa. Wanda ya tarar da wata babbar manhajar ma ba zai ɓata ba idan ya riƙe wannan bambanci na yadda da yaushe. A tsofaffin sabar na dangin Red Hat, irin su CentOS 7 da aka daina tallafa wa a ƙarshen Yunin 2024, layin ONBOOT=yes ne a fayil ɗin ifcfg na ƙofar. A sabar Ubuntu kuwa, tun daga fitowar 17.10, ana rubutawa ne a fayil ɗin netplan, wanda ba ya yafe kuskuren tazara a farkon layi, amma yana da umarnin netplan try da ke mayar da tsohon saiti da kansa bayan daƙiƙa 120 idan ba a tabbatar da sabon ba.

Abu na ƙarshe da na ja hankalin malam a kai shi ne sunan enp2s0. Tunda daga ramin da katin yake aka ciro shi, idan mai gyara ya buɗe kwamfutar don kakkaɓe ƙurar hunturu ya mayar da katin wani rami, ko aka ƙara wani kati, lambar tana iya sauyawa, fayil ɗin kuma zai ci gaba da kiran sunan da babu shi, intanet ya ɓace ba tare da wani ƙorafi a allo ba. Ana iya ɗaure suna da lambar MAC, wato lambar shaida da katin ya zo da ita daga masana'anta, ta hanyar rubuta fayil mai ƙarshen .link a /etc/systemd/network, amma na ga hakan zai ƙara wa wanda zai gaje ni wurin dubawa, kuma idan katin ya ƙone aka sauya shi, ɗaurin ma ya warware. Na zaɓi in rubuta bayani a saman fayil ɗin interfaces, a layukan da suka fara da alamar da ke hana kwamfuta karanta su, da Hausa, cewa duk wanda ya taɓa katin ya buga ip link ya kwatanta sunan da ya gani da wanda ke rubuce a ƙasa, idan sun saɓa ya gyara shi a layuka biyun da yake ciki, sannan ya sake kunna kwamfutar ya duba.